Injin Wanke-wanke: Da Wa Aka Gwada Shi Kafin a Ce Yana Tsimin Ruwa?



Duk wanda ya leƙa manyan kantunan kayan lantarki a Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai, zai tarar an fara jera wani inji kusa da firji da injin wankin tufafi. Shi ne injin wanke-wanke, wanda ake shirya masa faranti da kofuna da cokula, a rufe, a danna, ya wanke ya ɗauraye ya busar. Abin da masu tallarsa suka fi nanatawa shi ne, ya fi hannu tsimin ruwa, ya fi hannu tsimin wuta. Wannan magana tana da tushe, masana sun auna sun tabbatar. Amma kowane awo yana da abin da aka ɗora a ɗaya ɓangaren sikelin. Tambayar da nake so mu bi diddiginta a yau ita ce, da wane irin wanke-wanke aka gwada injin, kuma shin irin namu ne?

Mu fara da asalinsa. Wata mata a jihar Ilinoi ta Amurka, mai suna Josephine Cochrane, ita ta samu takardar mallakar wannan fasaha a watan Disambar 1886. Abin da aka ruwaito shi ne, tangarayen gado na gidansu ne suke ta gutsurewa a wurin wanki, abin ya dame ta har ta nemi mafita. A shekarar 1893 ta kai injin nata babban bajekolin duniya na birnin Shikago, ya kuma samu yabo. Sai dai waɗanda suka saya a lokacin otal-otal ne da gidajen abinci. Gidajen jama'a ba su karɓe shi ba sai daga shekarun 1950, bayan da ruwan famfo da lantarki da tukunyar dafa ruwa suka wadata a gidajen Amurka, aka kuma samar da sabulun da ya dace da shi. Wato sama da shekara 60 injin ya yi yana jiran famfo da wuta su riga shi shiga gida. Ku riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin maganarmu.

Mutane da yawa suna zaton injin cika cikinsa yake yi da ruwa, kwanuka su nutse. Ba haka yake aiki ba. 'Yan litoci kaɗan yake ɗiba su taru a ƙasansa, hita ta dafa su, sannan wani ɗan famfo ya tura ruwan da ƙarfi ta cikin hannuwa masu juyawa, su fesa shi a jikin kwanukan. Ruwan ya gangaro, ya bi ta rariya, a sake tura shi sama, haka dai ake ta maimaitawa da ruwa ɗaya har maiƙo ya saki. Daga nan ya zubar, ya ɗebi sabo don ɗauraya. Wannan juya ruwa ɗaya sau da yawa shi ne sirrin tsiminsa.

Kuma ba dare ɗaya aka kai ga haka ba, doka ce ta matsa wa kamfanoni. Injunan Amurka na kafin 1994 sukan sha fiye da galan 10 a wanki ɗaya, kusan lita 38 ke nan. Daga 2013 dokar ƙasar ta hana sabon inji babba ya wuce galan 5, kimanin lita 19. A Turai kuwa, injunan yanzu suna wanke kayan cin abincin mutum 12 zuwa 14 da ruwan da bai fi lita 9 zuwa 11 ba, ko rabin jarka bai kai ba. Tun watan Maris na 2021 Tarayyar Turai ta sabunta takardar da ake manna wa kowane inji, mai daraja daga A zuwa G, wadda take nuna wa mai saye lita nawa yake sha a wanki ɗaya, da kuma wutar da zai ci a wanki 100.

To, ina aka samo batun ya fi hannu? Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Jami'ar Bon ta ƙasar Jamus, wanda Farfesa Rainer Stamminger ya jagoranta a farkon shekarun 2000. Sun tara mutum 113 daga ƙasashen Turai 7, aka ba kowa kaya 140 masu datti, faranti da kofuna da cokula, aka ce ya wanke yadda ya saba a gida. Da aka haɗa lissafi, a tsaka-tsaki kowane mutum ya kashe ruwa lita 103, da makamashi yunit 2.5, wato yunit irin wanda mitar gidanku take ƙirgawa, sannan ya ɗauki kusan minti 80 yana aiki. Injin wancan zamani kuwa da lita 15 da wuta yunit 1 zuwa 2 ya gama aikin. Lita 103 a gefe ɗaya, lita 15 a ɗaya gefen. Wannan shi ne adadin da ya zagaye duniya, shi ne kuma yake bakin masu talla har yau.

Amma akwai abu biyu a cikin binciken da ba a cika faɗa ba. Na farko, mutanen sun bambanta ƙwarai. Akwai wanda ya zubar da fiye da lita 400, akwai kuma waɗanda suka gama da 'yan litocin da ba su yi nisa da na injin ba. Abin da ya raba su shi ne famfo: wasu sun tara ruwa sun toshe, wasu sun bar shi yana kwarara tun daga farantin farko har na ƙarshe. Na biyu, yunit 2.5 ɗin nan da aka lissafa wa hannu, ai hannu ba ya cin wuta. Wutar da aka dafa ruwan da ita ce, domin a ƙasashen sanyi da ruwan zafi ake wanke-wanke, kuma duk litar da ta kwarara an riga an biya kuɗin dafa ta.

A shekarar 2020 masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka sake duba batun, wannan karo ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya, tun daga ƙera injin har zuwa ƙarshen rayuwarsa. Su ma sun gano cewa inji ya fi wanke-wanken da Amurkawa suka saba yi da famfo a buɗe, nesa ba kusa ba. Amma hanyar da ta zo ta ɗaya, ta doke injin kansa, ita ce ta mazubi biyu: a jiƙa a wanke a ɗaya, a ɗauraye da ruwan sanyi a ɗaya, a kife kwanuka su sha iska.

Masu sauraro, wannan hanya da masana suka ba lamba ɗaya, wace uwa ce a ƙasar Hausa ba ta san ta ba? Roba biyu ake ajiyewa a gindin rariya, ɗaya ta ruwan kumfa, ɗaya ta ɗauraya. A fara da kofuna da cokula, a biyo da kwanukan tuwo, a bar na miya da tukwane su zo ƙarshe. Idan ruwan kumfa ya gaji a zubar, na ɗauraya ya koma na wanki, a zuba sabo a ɗayar. Ƙanzon da aka jiƙa da sauran tuwo su tafi wurin awaki da kaji. Ruwan ƙarshe a yayyafa a tsakar gida don ƙura ta kwanta. Iyayenmu mata ba a makaranta suka koyi wannan ba, nisan rijiya da kuɗin ɗan garuwa ne suka koya musu. Wanda ya ɗauko ruwa a kansa, ko ya ƙirga kuɗi ya sayi jarka, ya san daidai ruwa daidai tsaki.

Saboda haka idan muka sake ɗora sikelin a gidan da ake wanke-wanke da roba biyu, lissafin yana canzawa. A ce kowace roba ta ci lita 10, an kuma sauya ruwa sau ɗaya, bai wuce lita 30 ba ke nan, wani gidan ma ƙasa da haka. Inji zai yi da lita 10. Ya rage ruwa, babu musu, amma ragin bai kai jarka guda ba. Ta ɓangaren wuta kuwa abin juyewa yake yi gaba ɗaya, domin galibinmu da ruwan sanyi muke wanke-wanke, in ba lokacin hunturu ba. Hannunmu ba ya taɓa mita ko kaɗan. A irin wannan gida injin sabon kuɗin wuta yake kawowa.

Bari mu duba nawa ne. Mafi yawan wutar da injin yake ci, a dafa ruwa take tafiya, ɗan famfon da ke fesa ruwan kaɗan yake ja. Kafin a ɗaga zafin lita 10 daga digiri 25 zuwa 60 sai an kashe kusan yunit 0.4, ga kuma kwanukan da jikin injin da su ma suke shanye zafi. Shi ya sa wanki ɗaya yake cin abin da ya kama daga kashi uku cikin huɗu na yunit zuwa yunit ɗaya da wani abu. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, daga baya a shekarar aka ɗan sassauta amma bai sauko ƙasa da 200 ba. A wannan farashi, wanki ɗaya kullum zai ci kusan naira 6,000 a wata. Wannan ban da sabulunsa na musamman, domin sabulun da muka saba da shi kumfa yake yi ya cika injin har ya malalo. Akwai kuma gishirin da ake zuba masa don tausasa ruwa, wanda yake zama dole a wuraren da ruwan rijiyar burtsatse yake barin farin tabo a jikin buta. Yawancin waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala.

Akwai sharuɗɗan da ya kamata mai niyyar saye ya sani tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Hitar injin tana jan wat 2,000 ko kusa da haka, ƙaramin janareton da ake kunna fitila da fanka da shi kuwa bai kai wat 1,000 ba, ba zai iya ɗaukarta ba. Mai sola zai iya, idan inbatarsa babba ce, kuma ya fi masa alheri ya kunna da tsakar rana, lokacin da rana take ba da wuta kai tsaye, ruwan tanki ma ya riga ya yi ɗumi, aikin hita ya ragu. Injin yana kuma bukatar ruwa mai ƙarfi. Da yawa daga cikinsu sai tankin ya ɗara su tsayi da kimanin mita 5 kafin ruwan ya shiga yadda ake so. Sannan masu sayen na hannu su lura, injin da aka ƙera don Amurka na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, kuma an tsara shi ne a haɗa shi da bututun ruwan zafi na gida.

Sai kuma kayan kicin ɗinmu. An ƙera injin ne a kan faranti na tangaran da gilashi da cokulan ƙarfe. Tukunyar alminiyam dusashewa take yi ta yi baƙi idan ta sha sabulunsa. Muciya da akushi da ƙwarya da ludayin duma tsagewa suke yi a ruwan zafinsa. Tukunyar da ta hau murhun itace ko gawayi, baƙin gindinta sai toka da soson ƙarfe. Babbar tukunyar gidan mutum 20 ko shiga ba za ta yi ba. Ke nan a gidaje da yawa, ko an sayi injin, kaso mafi wahala na wanke-wanken yana nan yana jiran hannu.

Kada wannan ya sa a ɗauka ina kushe injin. Yana da alheri biyu da ba a auna su da lita. Na farko lokaci. Wanke-wanke a gidajenmu kusan kacokan a wuyan mata da 'yan mata yake, safe da rana da dare. Yarinya nawa ce take makara zuwa makaranta saboda tulin kwanukan daren jiya? Matar da take aikin asibiti ko koyarwa ko kasuwanci, idan inji ya mayar mata da awa guda a kowace rana, ba ƙaramin abu ya yi mata ba, kuma babu mai ikon raina wannan. Na biyu tsafta. Injin yana wanki da ruwan da zafinsa yake kai digiri 50 zuwa 70, hannun mutum kuwa da ƙyar yake jure abin da ya wuce 45. Wannan zafi yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. A nan ne ma hanyarmu ta roba biyu take da rauni: idan tsimi ya yi yawa, aka bar ruwan ɗauraya ya yi kauri, aka ci gaba da tsoma kwanuka a ciki, to datti ake rarrabawa. A lokacin damina, da amai da gudawa suke yawo, wannan haɗari ne na gaske.

Shi ya sa nake ganin inda injin ya fi cancanta a wurinmu shi ne inda ya fara a Shikago: otal-otal, manyan gidajen abinci, kicin ɗin asibitoci da makarantun kwana, da wuraren biki. A can ne kwanuka suke da yawa, iri ɗaya ne, ɗaruruwan baki suke ci a cikinsu, kuma cutar mutum ɗaya tana iya zagaye jama'a. Manyan injunan da aka yi don irin waɗannan wurare cikin minti biyu ko uku suke gama kwando guda, da ruwa 'yan litoci.

Ga wanda ya riga ya mallaki na gida, yadda yake amfani da shi ne zai nuna ko ya ci riba. Kada a kunna sai ya cika, domin ruwa da wutar da zai ci a kan faranti 10 kusan su ne zai ci a kan 60. Kada a ɗauraye kwanuka a famfo kafin a shirya su, kankare sauran abinci ya wadatar, in ba haka ba ruwan da aka zubar a ɗaurayar farko zai iya fin wanda injin zai sha gaba ɗaya. A riƙa wanke rariyarsa. Sannan a zaɓi tsarin tsimi, wanda aka rubuta wa Eco, ko da yake yana ɗaukar awa 3 zuwa 4. Mutane suna ganin daɗewar sai su zaci ya fi cin wuta, alhali shi ne mafi ƙarancin ci. Wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana dalilin tun 1959: abu huɗu ne suke fitar da datti, sabulu, da zafi, da guga, da lokaci, idan aka rage ɗaya sai a ƙara wani. Tsarin tsimi zafi yake ragewa ya ƙara lokaci, kamar yadda uwargida take zuba wa tukunyar tuwo ruwa ta bar ta ta kwana, da safe ƙanzon ya saki ba tare da an sha wahala ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ya shafi har waɗanda ba su taɓa ganin injin ba. Sababbin gidajen da ake ginawa a biranenmu suna zuwa da rijiyar burtsatse, da tanki a sama, da famfo a kicin. Ni'ima ce, Allah ya ƙara wadata mu da ita. Amma tare da famfon, ɗabi'ar da ta sa Turawan binciken Bon suka kashe lita 103 ita ma tana shigowa. An ajiye roba biyu, an koma riƙe faranti a ƙarƙashin famfo yana zuba. Famfon kicin mai ƙarfi yana iya zubar da lita 8 a minti ɗaya. A minti 15 lita 120 ke nan, kusan jarka 5 ta ɗan garuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum yake bukata a rana don sha da girki da 'yar tsafta. Wato wanke-wanke ɗaya da famfo a buɗe yana iya cinye ruwan yinin mutum 6. Kuma ruwan da rijiyar burtsatsen mai hali take zuƙowa, daga ƙasa ɗaya yake fitowa da na rijiyar maƙwabcinsa, wadda take ƙafewa idan bazara ta yi tsanani. Addini ma bai bar mu a duhu ba: ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai kai lita guda ba. Idan ibada ba ta halatta almubazzaranci da ruwa ba, wanke faranti ba zai halatta shi ba.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Ƙasar Gana ta daɗe tana manna wa firji da na'urar sanyaya ɗaki takardar taurari mai nuna cin wutarsu, kuma tun 2013 ta hana shigo da tsofaffin firji. Ya kamata hukumomin kula da ingancin kaya a Najeriya da Nijar su tabbatar duk injin wanke-wanken da zai shigo yana ɗauke da bayanin ruwa da wutar da yake ci, a rubuce yadda mai saye zai gane, don kada a mayar da kasuwanninmu juji na tsofaffin injunan da wasu ƙasashe suka yar.

Hukuncina dai shi ne: injin wanke-wanke ya fi famfo a buɗe, ninki ba ninki. Tsakaninsa da roba biyu kuwa ratar ruwan kaɗan ce, kuma da ruwan sanyi roba ta fi shi sauƙin kuɗi. Maigida, idan kana da tsayayyar wuta da ruwa mai ƙarfi, kana kuma son sauƙaƙa wa iyalinka, ka saya, ka duba takardarsa, a cika shi kafin a kunna. Uwargida, idan Allah ya kawo miki famfo har kicin, kada ki yar da robobinki biyu, ki tara ruwa ki rufe famfon, ki sauya na ɗauraya kafin ya gurɓace, ki kife kwanuka a rana. Ku kuma samari, ku sa hannu a wanke-wanken gidanku, ku rage wa iyayenku mata da 'yan'uwanku mata nauyi, wannan ba ya bukatar wuta ko sisin kwabo.

 Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya kuma ba mu ikon tattalinsa.